Samanja: Marubucin Da Kaki Ya Ɓoye

A ranar Lahadi, 12 ga watan Nuwamba na shekarar 2023, Allah Ya karɓi ran Alhaji Usman Baba Pategi a Kaduna, bayan ya sha fama da jinya. Kafin faɗuwar rana labari ya game ƙasa, kuma kusan duk kafar watsa labaran da ta ɗauko shi lafazi guda ta yi amfani da shi, wato an yi rashin tsohon ɗan wasan kwaikwayo, Samanja Mazan Fama. Ba su yi ƙarya ba, sai dai awon da suka yi wa marigayin bai cika mudu ba. Ɗan wasa shi ne wanda ake miƙa wa riga a ce ya sa. Shi kuwa Pategi shi ya yanka rigar, shi ya ɗinka ta, sannan ya sa ta ya fito. Shi ya ƙago Samanja, shi yake tsara labarin, da shi kuma ake shirya wasan har ya isa kunnen mai sauraro da idon mai kallo. Wannan ɓangare na aikinsa, wato na marubuci kuma mai shirya wasa, shi nake so mu duba, domin shi ne ke neman salwanta a hannunmu.

Mu mutanen ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan muna da dalilinmu na tsoma baki a wannan magana. Daga Maƙarfi aka sami Alhaji Shu'aibu Maƙarfi, ɗaya daga cikin iyayen rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa, wanda wasanninsa suka fara fita ta rediyo a Kaduna kafin a mayar da su littattafai: Zamanin Nan Namu a 1959, da Jatau Na Kyallu a 1960. Zan dawo kansa a gaba, domin bambancin da ke tsakanin makomar aikinsa da ta aikin Pategi shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

An haifi Usman Baba a 1942 a garin Pategi da ke bakin Kogin Kwara, a gidan sarautar garin. Banufe ne gaba da baya. Ya yi karatu a Pategi da Ilori, sannan ya hauro Kaduna, ya taɓa aiki a ma'aikatar ayyuka kafin ya sami shiga gidan rediyo. Lokacin kuwa Kaduna tana tashen wannan sabuwar sana'a, domin a 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, da haɗin gwiwar kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka soma rediyo da talabijin shekara uku bayan Ibadan ta buɗe tata tashar a 1959. A wannan fage ne ya haɗu da irin su Yusuf Ladan, mai Zaman Duniya Iyawa Ne, ya koyi yadda ake riƙe mai sauraro da murya kaɗai.

Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1967, sai ya ajiye aikin rediyo ya shiga soja, aka horar da shi a sashen sadarwa a Apapa ta Legas. Ya kamata mai karatu ya tuna irin kumburin da rundunar sojan Nijeriya ta yi a waɗannan shekaru: daga mutum wajen dubu 10 kafin yaƙi, ta kai wajen dubu 250 a lokacin da aka ajiye makamai a watan Janairu na 1970. Da wuya ka sami gari a ƙasar Zazzau da bai ba da ɗa ba. Kwatsam sai soja ya zama ɗan gida, ya zama maƙwabci, ya zama suruki, alhali kuma shi ne ke mulkin ƙasa tun 1966. Pategi ya fito daga bariki da wani abin da ya fi lambar yabo amfani a gare shi, wato kunnen da ya ƙoshi da maganar soja. A 1973 aka fara nuna Samanja a talabijin ta Kaduna, aka kuma riƙa jin sa a Rediyon Kaduna.

A nan ne nake so in daɗe, domin a harshe gwanintar mutumin take.

Hausar bariki tana da dogon tarihi. Tun daga rundunar da Kyaftin Glover ya haɗa a Legas a 1863, wadda aka yi wa laƙabi da sunan Hausawa, har zuwa rundunar da Lugga ya kafa a 1897, da Hausa Bature yake magana da sojansa. Tibi da Angas da Dakarkari da Bacama da Barebari suka haɗu a inuwa guda, kowa da harshen uwarsa, suka ɗauki Hausa suka sassaƙe ta daidai bukatarsu. Aka zubar da bambancin namiji da mace, sai ka ji an ce da mace "ka zo", aka zubar da lanƙwasar jam'i, aka kwaso kalmomin fareti na Turanci aka tauna su har suka yi laushi. Ta nan muka sami soja da kurtu da kofur da saje da hafsa, ta nan kuma muka sami samanja kansa. Wannan ita ce Hausar da malamai ke kira Barikanci. Kafin Pategi, abin dariya ce a bakin kasuwa, ana kwaikwayon ta idan tsohon soja ya juya baya. Shi ne ya gane cewa harshe ne mai nasa tsari, mai nasa kiɗa, wanda zai iya ɗaukar nauyin wasa mako bayan mako. Ya riƙa tsalle daga Hausa zuwa Turancin buroka ya komo, yana karya wannan yana gurɗe wancan, kuma duk karyawar da lissafi. Wanda bai iya harshe ba ba ya iya ɓata shi ta yadda za a yi dariya a daidai inda ake so a yi. Abin sha'awa kuma, Banufe ne ke wannan aika-aika da Hausa, Hausawa suna tafa masa. Na tabbata Katsinawa, abokan wasan Nufawa, za su ce ai ba kwaikwayo yake yi ba, iyakar Hausar ke nan. To, wannan tsakaninsu ne, mu Zage-zagi Kanawa sun ishe mu.

Sai kuma zaɓen muƙamin. Da Pategi ya so, da ya yi wasan janar ko na kurtu. Sai ya zaɓi samanja, mutumin da ke tsakiya, wanda ya fi kowa murya a filin fareti amma ba shi da tauraro ko guda a kafaɗa. Ƙananan sojoji suna karkarwa idan ya yi tsawa, shi kuma yana ƙamewa a gaban yaron hafsan da a haife ya haife shi, don kawai yaron ya yi makaranta. Duk wanda ya taɓa zama akawu a ofishin ƙaramar hukuma, ko hedimasta, ko mai unguwa, ya san wannan matsayi, domin shi ma a cikinsa yake: ana taka shi daga sama, yana takawa ƙasa. Wannan zaɓi aikin marubuci ne. Tun kafin a kunna kyamara aka ci rabin wasan.

A yankinmu, ta rediyo Samanja ya fara shiga gidaje. Talabijin sai a gidan wane da wane, ko da bayan kuɗin Udoji na 1974 ya sa ma'aikata sun yi ta sayen kayan zamani, domin akwati ba ya aiki sai da wuta, wuta kuwa ba ta kai ko'ina ba. Na yi wayo na tarar ana kallo a ƙofar gidan wani malamin makaranta, da akwati mai hoto fari da baƙi da ake haɗawa da batirin mota, yara a gaba a kan ƙasa, manya a baya a kan benci. Amma rediyo tana ko'ina: a gonar rake, a wurin dafa mazarƙwaila, a rumfunan kasuwar Maƙarfi, a teburin mai shayi a Tashar Yari da Hunƙuyi da Paki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda tsofaffin sojojin garinmu suke sauraron shirin. Akwai wani dattijo da ya yi yaƙin Bama, akwai kuma samarin da suka dawo daga fagen Yaƙin Basasa, wasu da tabo a jiki, wasu da tabon da ba a gani. Su ne suka fi kowa dariya, su ne kuma alƙalai. Idan Samanja ya ba da oda, sai ka ji ɗayansu ya ce wallahi haka namu yake yi. Mutanen da ba su cika ba da labarin abin da suka gani a daji ba, sai ga shi wasa ya buɗe musu baki, ko da a kan abinci da albashi da horon fareti ne.

To, a nan akwai tambayar da ba zan kauce mata ba. Yaya aka yi mutum ya shekara da shekaru yana sa jama'a dariya da kakin soja, a gidan watsa labarai na gwamnati, a zamanin da soja ke mulki, bai kwana a gadurum ba? Mun san abin da ya sami wasu. Fela Anikulapo Kuti ya fitar da faifan Zombie a 1976 yana yi wa soja shaguɓe, a watan Fabrairu na 1977 sojoji suka far wa gidansa a Legas suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. A 1984 Dokar Soja mai lamba 4 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari. Shi kuwa Samanja sojoji suna cikin manyan masoyansa.

Masu suka za su ce dalilin a fili yake: bai taɓa manya ba. Dariyarsa ta tsaya a kan samanja da kurata, ba ta hau bene inda ake kitsa juyin mulki da rabon kwangila ba, hasali ma ta taimaka wajen wanke fuskar soja a idon talaka. Akwai gaskiya a cikin wannan, kuma ba na ganin amfanin musunta ta don mutum ya rasu. Samanja ba Fela ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ɗan adawa ne ba. Sai dai ina ganin masu wannan suka sun manta da gidan da wasan ya fito. Bahaushe ya daɗe da sanin wawan sarki, wanda ke faɗin abin da waziri ba ya iya faɗa, muddin ya san inda zai tsaya. Ya san 'yan kama masu kwaikwayon malamai, ya san wasan Gauta da matan fada ke yi suna kwaikwayon sarki da hakimansa, ya san Kalankuwa da Tashe. A duk waɗannan, ana barin mai wasa ya taɓa mai iko ne saboda na gida ne. Pategi ya sa kakin nan da gaske, ya ci abincin bariki, ya san zafin horo, don haka dariyarsa ta ɗan'uwa ce. Abin da ta koya wa manomin Kudan, wanda idan ya hango soja a hanya yake sauka daga keke, shi ne cewa mai kakin nan shi ma yana da wanda yake tsoro, shi ma albashinsa yana ƙarewa kafin wata ya mutu. A zamanin bulala da tsallen kwaɗo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani zai ce, ina rubutun yake da har ake kiran sa marubuci? Gaskiya ne galibin wasannin Hausa na rediyo da talabijin a wancan zamani ba a rubuta su kalma bayan kalma. Mai tsara wasa yakan zo da ƙashin labari: ga fitowa ta farko, ga ta biyu, ga inda rigima za ta tashi, ga inda za ta kwanta, ga wanda zai sha kunya a ƙarshe. Sai a yi gwaji, 'yan wasa su zuba wa ƙashin nama da bakinsu. Amma wa ya taɓa cewa Mamman Shata ba shi ya yi waƙoƙinsa ba don bai rubuta su a takarda ba? Wanda ya ƙirƙiri mutanen da ke cikin wasa, ya ba kowa halinsa da irin maganarsa, ya riƙa samo sabuwar rigima kowane mako ba tare da ya maimaita ta jiya ba, ya kuma auna ta yadda za ta shige cikin mintocin da aka ba shi, ta wuce ta gaban shugabannin tasha ba a dakatar da ita ba, wannan shi ne marubuci, ko da a bayan ambulan ya yi rubutun. Duk wanda yake ganin abin da sauƙi, ya gwada ba mutum goma dariya sau biyu da labari guda.

A ƙarshen shekarun 1980 aka ɗauki shirin zuwa tashar ƙasa ta NTA, aka rinjayar da harshensa zuwa buroka don mutanen Kudu su fahimta. Sunan Samanja ya kai Legas da Fatakwal, ya zauna sahu ɗaya da Zebrudaya na wasan Masquerade, wanda James Iroha ya ƙirƙira a Gabas bayan yaƙi, shi ma da karya Turanci ya yi suna. A nawa ɗanɗanon, an sami faɗi an rasa gishiri. Daɗin Samanja yana wurin karon da Hausa ke yi da Turanci a bakinsa. Da aka rage ɗaya, sai tartsatsin ya ragu.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen, kuma ba daidai ba ne a yi kamar shi kaɗai ne. Akwai Ƙasimu Yero na Zariya, mai Karambana, wanda 'yan Kudu suka sani da Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, ya kuma fito a wasan Magana Jari Ce. Akwai Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, marubucin Kulɓa Na Ɓarna. Akwai Karkuzu na Bodara a Jos, akwai 'yan Kuliya Manta Sabo a Kano. Su ne suka share filin da finafinan bidiyo suka zo suka yi shuka a kai daga 1990, har aka sami irin su Rabilu Musa Ibro. Mafi yawansu albashi ko ɗan alawus suka ci. Wasan da ma'aikaci ya yi wa gidan gwamnati na gidan ne, ko an maimaita shi sau ɗari ba a ƙara masa sisi, shi ya sa da yawa daga cikinsu da tsufa da ciwo suka zo sai da aka nema musu taimako a bainar jama'a.

Yanzu bari in koma kan Shu'aibu Maƙarfi. Muryoyin da suka yi Jatau Na Kyallu a rediyo sun tafi da iska tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan shafi. Amma labarin attajirin nan da ya auri karuwa ta kai shi ga tsiya yana nan daram, ɗalibai sun karanta shi a sakandare, sun rubuta jarrabawa a kansa, malaman jami'a sun yi nazarin sa, kuma ko gobe wata makaranta a Ikara ta ga dama za ta iya hawa dandamali da shi. Dalili guda ne: an buga shi. Haka Zaman Duniya Iyawa Ne, haka Kulɓa Na Ɓarna. Shi kuwa Samanja, wanda ya fi su duka yawan masu sauraro, me ɗan shekara ashirin zai iya ɗora hannu a kai a yau? 'Yan gutsattsarin da wasu bayin Allah suka ɗora a YouTube, hoto yana rawa, sauti yana shaƙewa.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A wancan zamani faifan ɗaukar hoto yana da tsada, tashoshi a duniya duka sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. A Ingila an yi wani wasan barkwanci na soja mai suna Dad's Army, daga 1968 zuwa 1977, kashi 80, wanda Jimmy Perry da David Croft suka rubuta, Croft ɗin kuma shi ne mai shiryawa. Kamar Pategi, Perry daga abin da ya gani da idonsa ya ɗebo labarin, domin yana saurayi ya yi aiki a rundunar 'yan sa-kai masu tsaron gida a Yaƙin Duniya na Biyu. BBC da kanta ta rasa wasu kashi na wannan wasa. An tsinto biyu a 2001, uku kuwa har yau ba a gan su ba. Amma da yake rubutun yana nan a ajiye, a 2019 aka tara sababbin 'yan wasa aka sake yin ukun nan daga takarda. A nan gida ma, Ken Saro-Wiwa, wanda ya rubuta ya kuma shirya Basi and Company a NTA, bai yarda ya bar aikinsa a hannun faifai ba, sai da ya mayar da shi littattafai. Mu namu ƙashin labarin a kan marubucin yake, an kuma binne shi da shi.

Saboda haka abin da ya rage shi ne faifan, da kuma mutanen da suka yi aikin. Ina kira ga NTA Kaduna da Rediyon Tarayya na Kaduna su buɗe ɗakunan ajiyarsu, su fitar da jerin abin da ke hannunsu na Samanja da Karambana da sauransu, su bari a juye shi zuwa kwamfuta. Gidan Arewa yana nan a Kaduna, ma'adanar finafinai ta ƙasa tana Jos, sashen nazarin harsuna na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Hunƙuyi. Ɗalibin digiri na biyu guda ɗaya, idan aka ba shi kashi ashirin ya saurara ya rubuta su kalma bayan kalma da Barikancinsu, ya samar da littafin da za a ajiye kusa da na Shu'aibu Maƙarfi, ya kuma adana wa masu nazarin harshe wata Hausa da ita ma take ƙarewa tare da masu yin ta. Shugabannin ƙananan hukumominmu uku, waɗanda ba sa rasa kuɗin buga kalanda, za su iya ɗaukar nauyin wannan ba tare da asusu ya ji ba. Akwai kuma gidaje a Maƙarfi da Gimi da Paki inda tsofaffi suka riƙa ɗaukar shirye-shiryen rediyo a kaset don su sake ji. Kafin a share ɗakin marigayi a zubar da kwalin, a duba abin da aka rubuta a jikin kowane kaset.

Faifai ba ya jure zafi da raɓa irin namu, injinan U-matic da ke karanta na talabijin kuwa an daɗe da daina ƙera su. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Kasagi a 2021, Pategi a 2023, Karkuzu a 2025, Allah Ya jiƙan su da rahama. Mai ɗaukar hoto ko mai haɗa sautin da ya yi aiki da Samanja a 1973 yana ɗan shekara 25, idan yana raye, yau ya haura 75.